Awon Tafiyar Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, kamar yadda muke nan lafiya lau. Yaya ciwon bayan nan naka? Ko har yanzu kana zama a kan kujerar da na ce ka yar? Baba yana gaishe ka, Baban yara ma haka.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga wadda take da lambar wayarka. Dalili shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Shekaranjiya sau uku ina buɗe baki, sau uku kana cewa ka riga ka gama magana. Takarda kuwa ba a katse ta, sai dai ka yaga, kuma ko ka yaga Anti za ta tsince ta ta karanta maka.

Bari in fara da abin da ya faru, don Dogo, tsohon yaron Baba a shagon kafinta, ya ƙara wa labarin gishiri. Mota ba ta taɓa Baba ba, sandarsa ta taɓa. Ya fito da safe zai tsallaka zuwa shago kamar kullum, ya kai tsakiyar titi, sai wata farar mota ta ɓullo daga kwanar gidan mai, ta fizge sandar daga hannunsa ta wurga ta cikin lambatu. Direban ko waiwaye bai yi ba. Baba ya ƙarasa da ƙafarsa, ya zauna a bencinsa, ya ce wa Dogo ya je ya ɗauko sandar ya wanke. Ban ce abin wasa ba ne. Tun da labarin ya iske ni a ofis, ranar ban iya cin komai ba.

Amma maganar da ka yanke, cewa nan da wata uku za ka zo da mota ka kwashe Baba da kayansa, kuma kada a gaya masa sai ranar, ita ce ta hana ni sukuni. Yaya, kai kana ganin tsoho yana tsallaka titi. Ni ina ganin inda yake zuwa. Dogo yanzu ya haura hamsin, kansa duk furfura, shagon ma nasa ne, amma har yau Baba yana tsaye a kansa yana gaya masa ya karkata ƙusa. Akwai benci a kusurwa wajen taga, nan Baba yake zama da magagarinsa yana wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya. Kafintocin unguwar nan kaf shi suke kawo wa. Ya yi ta mita wai sun lalata kayan aiki, su kuma su yi ta ba shi haƙuri, kowa ya tashi da farin ciki. A gidanka, hawa na uku, me zai wasa? Kuma gidan da za ka raba shi da shi, kowace ƙofa da hannunsa ya yi ta, a cikinsa Mama ta cika, Allah ya jiƙanta.

Laifin na titin ne. Da can ramuka ne ke tsaron ranmu ba mu sani ba. Tun da aka shimfiɗa sabuwar kwalta bara, kowane direba ya zama ɗan tsere, allon da ke bakin hanya kuma ya ba su izinin kilomita sittin a awa.

To ga abin da na so in gaya maka ka hana ni. A da, in ana son canza lambar da ke kan allon nan, sai an rubuta takarda zuwa ma'aikata can sama. Ni da hannuna na buga irin wannan takarda sau uku a shekaru tara da na yi a ofishin ƙaramar hukuma, ko ɗaya ba a amsa ba. Yanzu an miƙo mana ikon. Duk titin da ke cikin gari, ƙaramar hukuma ce za ta sa masa iyakar gudu. An kafa kwamitin mutum biyar, ni ce mai buga bayanan zamansu. A cikinsu akwai Kansilan kasuwa, wanda direbobin bas suka tsaya masa a zaɓe, shi ko kaɗan ba ya son a taɓa sittin ɗin. Akwai kuma Injiniya, wani siririn mutum mai haƙuri, wanda ya ce shi a kawo masa lamba, kada a kawo masa hawaye.

Ya je ya auna. Daga kwanar gidan mai, inda direba zai fara hango mutum, zuwa ƙofar Baba, mota mai gudun sittin tana isowa cikin sakan sha biyu. In talatin take yi, sakan ashirin da huɗu. Ni ba ni da bakin magana a zaman kwamiti, amma da aka fita shan iska na ce wa Injiniya tunda ya auna mota, ya auna mai tsallakawa mana, kuma ya zaɓi wanda ya fi kowa tsufa. Ya dube ni ya ce wa nake nufi, na ce ubana. An sa ranar Alhamis. Na sha ƙirga tafiyar Baba a zuciyata, bai taɓa yin ƙasa da ashirin da biyu ba.

Abin da nake roƙo shi ne, in allon nan ya sauko zuwa talatin, ka bar mana Baba a gidansa. Ka yi mini wannan alkawarin a rubuce, don in samu abin nuna maka in ka manta.

Ka gaida Anti, ka ce mata zanen ya yi mini kyau. Ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida gaba ɗaya. Amsarka ta iso, layi huɗu cif, har da sa hannu kamar takardar banki. Na gode da alkawarin, na adana shi a inda ɓera ba zai kai ba.

Yanzu ka gyara zama, kuma kada ka yi dariya sai ka kai ƙarshe.

Kuskuren nawa ne. Ranar Laraba da yamma, da na kai wa Baba abinci, na ce masa gobe mutanen ofishinmu za su zo su auna tafiyarsa. Ban gaya masa dalili ba, tunda dalilin zai kai ni ga maganarka. Na ce kawai hukuma tana son ta san yadda dattawa ke tsallaka titi. Ya ce to, Allah ya kai mu. Da na lura da yadda ya maimaita "dattawa" ɗin nan a bayana, da na farga.

Da safe na iso tare da Injiniya da Kansila, sai na tarar da taro. Dogo ya baza labari. Kafintoci sun bar aikinsu, mai facin taya ya zo da hannunsa baƙi ƙirin, mai kanti ya rufe kantinsa, a shagon aski ma an bar wani da rabin kai ya fito da ƙyalle a wuya. Jami'in hanya ya tsayar da motoci. Sai ƙofa ta buɗe, Baba ya fito. An goge kaya sun yi kaifi, an rage gemu, an sa baƙin takalmin nan da ya je bikin kammala karatunka da shi, an shafe shi yana ƙyalli. Sanda kuwa babu. Daga baya na same ta a bayan ƙofa ya jefa mata tawul.

Na matsa kusa na ce Baba ina sandar, ya ce in ba shi wuri. Injiniya ya ɗaga hannu, ya sauke, ya danna agogonsa. Yaya, ban san Baba yana da wannan tafiyar a ajiye ba. Ƙirji a gaba, hannuwa suna lilo kamar na soja, ko kallon ƙasa bai yi ba. Kafin in gama salati ya taka bakin shago. Injiniya ya duba agogo, ya sake dubawa, ya ce sakan sha ɗaya. Wurin ya kaure da tafi. Baba ya ce ai bai shirya ba ma, a sake. Ya dawo a sha ɗaya da rabi, ya ɗora laifin rabin a kan takalmi.

Kansila ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce garin da ke da dattawa irin wannan, sittin ma an tauye shi. Injiniya ya rubuta lambar a littafinsa, ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya zubar da abincinsa da kansa. Mota tana isowa a sha biyu, tsohon unguwa yana tsallakawa a sha ɗaya. Ka ga an gama shari'a ke nan.

Ranar duk wanda ya shigo shago sai ya ji labarin sha ɗaya. Har mai kawo katako, wanda ba ya jin kira sai an yi ihu, sai da aka yi masa ihun. Da yamma kuma gwiwar Baba ta dama ta kumbura ta yi kamar burodi. Ina shafa masa magani yana cije baki, amma abin da ya dame shi shi ne ko na gaya wa Yayana lambar. To ga shi na gaya maka. Kwana uku ke nan bai fita ba, Dogo ke tsallako masa da zartuna yana wasawa a tsakar gida.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na koma gida ina ta faɗa ni kaɗai, har Baban yara ya ce in rage murya maƙwabta za su ɗauka da shi nake. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Lokacin da yake tsallakawar nan, ni ma na ji daɗi. Na ga mutumin da ke saɓa katako uku a kafaɗa ya riƙe hannuna da ɗaya hannun, ina gudu-gudu don in kamo takunsa. Ina sane sarai yana rusa mini shiri, amma da na duba hannuwana sai na ga ina cikin masu tafi.

Kada ka fara neman mota tukuna. Kwamiti bai yi zaman ƙarshe ba, saura mako uku, kuma wata ukunka ba su cika ba.

A gaida kowa da kowa. Yanzu kana iya dariyar.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kowa lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramarku ya sauka. A riƙa ba ta ruwa da yawa. Mu nan sai godiya, gwiwar Baba ta sace, ya koma bakin aikinsa da sandarsa.

Laifi biyu zan faɗa maka, ɗaya na kusa yi, ɗaya na yi.

Ranar Litinin aka ajiye mini littafin Injiniya in buga rahoto. Ofishin ba kowa, sai fanka tana ta ƙara a sama. Na zo kan layin da ya ce wanda aka auna ya tsallaka a sakan sha ɗaya, sai hannuna ya tsaya. A kan na'urar buga rubutu, ɗaya da biyu maƙwabtan juna ne. Yatsa ya ɗan gusa kaɗan, sha ɗaya ta zama ashirin da biyu, kuma ni na san ashirin da biyun ta fi kusa da gaskiya. Bayanan nan ba wanda ke karanta su, shekara tara ina bugawa ban taɓa ganin an mayar mini da ko ɗaya ba. Na buga, na zauna ina kallonta har shayina ya huce. Sai na tuna Injiniya ne zai sa hannu a ƙasa, mutumin da ya saurare ni alhali ba dolensa ba ne. Na goge na mayar da sha ɗaya. Ba don ni waliyiya ba ce, tsoro ma yana ciki.

Laifin da na yi kuwa, na gaya wa Baba komai. Na san na yi maka alkawarin yin shiru, ka yi haƙuri. Na ga cewa ni da kai mun zauna muna yanke wa mutum inda zai ƙarasa rayuwarsa, shi kuma yana can yana goge takalmi bai san da me ake auna shi ba.

Da la'asar na same shi a ɗakinsa yana jera magagarai a cikin akwatin nan nasa mai ƙananan gidaje. Na zauna a bakin gado na faɗa masa, tun daga motar da za ka zo da ita har alkawarin talatin. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Ya ci gaba da jerawa har ya gama, ya rufe akwatin, sannan ya tambaye ni wa da wa suka sani. Na ce ni da kai da Anti. Ya ce wane ɗaki za a ba shi. Na ce ban sani ba. Ya ce in sake faɗa masa lambobin a hankali, na faɗa, yana bi da yatsa a kan murfin akwatin kamar yana duba awon taga.

Sai na yi wauta ta biyu. Na ce zan roƙi Injiniya a sake awon, shi kuma wannan karon ya ja ƙafa, ya ɗan tsaya a tsakiya, ya yi kamar numfashi ya ƙare. A nan ne ya ɗaure fuska. Ya ce wancan karon ya yi wasan yaro a gaban jama'a, yanzu kuma ina so ya yi wasan tsoho, ni a wurina ya zama ɗan wasa ke nan. Na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi in tafi gida yara na jira.

Washegari ina zaune a ofis sai ga Baba a bakin ƙofa, da kayan aikinsa na kullum, garin katako a kafaɗa, Dogo ya kawo shi a tasi. Bai ko dube ni ba, ya ce a nuna masa mai agogon nan. Na kai shi, na tsaya a bakin ƙofa don kunnena ya ƙi tafiya. Ya ce wa Injiniya awon da ya yi ba awo ba ne. Shi shekara sittin yana auna katako, bai taɓa gaya wa katako gobe za a auna shi ba. In yana son lambar gaskiya, ya ɓuya inda ba za a gan shi ba, ya zaɓi ranakun da ya ga dama, kada ya gaya wa kowa, musamman wannan mai surutun da ke laɓe a ƙofa.

Injiniya ya miƙe tsaye ya ce ya karɓi gyara. Zai yi haka kafin zaman ƙarshe, kuma duk abin da agogo ya nuna shi zai kai, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Baba ya ce in gaya maka bai yi fushi da kai ba. Ni dai a ganina ya ɗan yi, don sau biyu yana ce maka "mai motar nan". Ka kira shi, amma ka bar shi ya kai aya.

Ƙanwarka mai laifi,
Auta

*

Yayana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Na ji kun yi magana da Baba har minti arba'in, kuma shi ya yi talatin da tara. Allah ya saka maka da alheri.

An yi zaman ƙarshe jiya, zan ba ka labarin daki-daki.

Kwanakin farko bayan zuwansa ofis, Baba ya zama abin kallo. In zai tsallaka sai ya leƙa bayan rumfar mai faci, ya dubi saman bene, ya harari duk wanda ya ɗaga hannu ko da ƙuda yake kora. Wata rana ya tsare wani bawan Allah mai jiran bas, wai ya ga yana duba agogo. Da aka kwana biyar bai kama kowa ba sai ya gaji, ya koma tafiyarsa. Ashe Injiniya yana cikin shagon aski, a kujerar da ke fuskantar madubi, ta madubin yake hango titi. Sau shida ya je. Mai aski ya ce bai taɓa samun mai zuwa gyaran fuska da naci irin wannan ba.

An buɗe zaman ga jama'a, ɗakin taro ya cika har waje. Direbobin bas sun zauna a gefe guda, mutanen layinmu a ɗaya gefen, ni ina gaba da na'urata. Injiniya ya tashi ya karanta, bai ambaci suna ba, ya ce wani mazaunin layin. Mafi sauri sakan ashirin da biyar, mafi jinkiri ashirin da tara, tsaka-tsaki ashirin da bakwai.

Yaya, ashirin da biyu na gaya maka. Ban yi maka ƙarya da gangan ba, ashe ƙirgar da nake yi a zuci ƙirgar 'ya ce, ina tsallake wasu. Da na ji lambar sai da idona ya kawo ruwa, na buga ta ina ganinta dishi-dishi. Kuma ka lura, ko an sauko talatin, mota tana isowa a ashirin da huɗu. Talatin ɗin da na kafa maka alkawari a kanta ma ba ta ishe shi ba. Na ga ya kamata ka ji wannan daga bakina.

Kansila ya samu abin da yake so. Ya ce yana girmama tsofaffi, amma ba a yi wa gari doka saboda mutum ɗaya, wanda ya kai haka sai iyalinsa su riƙe shi a gida. Ya ce ai shi da idonsa ya ga dattijon layin ya tsallaka a sha ɗaya, wannan na ashirin da bakwai ko waye oho. Sai Baba ya dogara sandarsa ya miƙe, kuma miƙewar ta ɗauke shi lokaci, kowa yana kallo. Na buga maganarsa yadda ya faɗe ta, ga ta: "Ranka ya daɗe, duka biyun ni ne. Sha ɗayan nan da kuka yi mini tafi, kwana uku na yi a kwance saboda ita. Ashirin da bakwai ita ce tawa ta kullum, kuma baɗi za ta fi haka. Ban ji daɗin jin ta a cikin mutane ba, amma awon daidai ne."

Ya zauna. Sai wata mata mai tagwaye ta ce a auna ta ita ma, da ɗaya a baya ɗaya a hannu. Mai faci ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna ƙarfen da aka sa masa. Wani tsohon direba daga ɓangaren 'yan bas ya ce shi ma tun da ya ajiye tuƙi bai ƙara tsallaka layin nan shi kaɗai ba, abokansa suka yi ta jan rigarsa ya zauna.

Injiniya ya kawo shawara biyu: a sa talatin daga kwanar gidan mai har ƙarshen layin, a kuma gina ɗan dandamali a tsakiyar titi daidai shagon, yadda mutum zai tsallaka rabi, ya tsaya ya huta, ya ƙarasa. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka yarda. Kansila ya ƙi, ya ce a rubuta cewa ya ƙi, na rubuta masa da manyan baƙaƙe. Amma da aka tashi shi ya ɗauki Baba a motarsa ya kai shi gida. Dogo da ya zauna a baya ya ce tafiyar da suka yi, mai keke ma ya wuce su.

Na san alkawarinmu bai ambaci dandamali ba. Ka duba da kanka ka yanke, ba zan yi maka wayo ba.

Ka gaida Anti da yara. Ni dai yau zuciyata wasai.

Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ku gaba ɗaya, da fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, don aiki ya taru mini. Tun da aka ji labarin layinmu, kowace unguwa tana son a zo a auna nata tsohon.

An kafa allon, an gina dandamalin, an shafa masa fenti fari da baƙi. Ba kowa ke bin dokar ba, amma jami'an hanya suna tsaye a kwanar, kuma mutum na uku da suka tsayar Baban yara ne. Na ce masa in ya sake, ni zan buga sunansa a rahoto. Baba kuwa ya mayar da dandamalin zaurensa. Ya tsaya a kai yana ɗaga wa direbobi sanda, waɗanda suka san shi su yi masa hon. Dogo ya ce saura ya nemi a kai masa benci.

Tambayar da ka yi a wasiƙarka, wai bana mun tsira, baɗi fa, ban ɓoye masa ba. Na karanta masa ita a shago yana wasa zarto. Ya ce tambayar mai hankali ce, kuma ya riga ka. Ashe ya shirya da Dogo, sau ɗaya a wata, ranar da Baba bai sani ba, Dogo zai auna shi daga ƙofar gida zuwa dandamali, ya rubuta lambar da fensirin kafinta a bangon da ke bayan bencinsa. Mota tana isowa a ashirin da huɗu. Ya ce ranar da rabin titin ya ci masa sakan ashirin, ba sai kowa ya ɓoye masa komai ba, shi da kansa zai ɗaure akwatinsa ya kira ka. Ya ce in gaya maka abu biyu kawai yake so a ɗakin, taga mai shigo da hasken safe, da tebur mai ƙwari wanda ba ya rawa. Yana faɗa yana aikinsa, ni ce na kasa zama na fita waje wai zan sha iska.

Saboda haka ka zo ƙarshen wata kamar yadda ka shirya, amma da ƙaramar jaka, kuma ka taho da yara. In ka iso kwanar gidan mai ka ɗaga ƙafa, ba na son a ce Yayana ma an tsayar da shi kamar Baban yara.

Jiya Dogo ya rubuta lamba ta farko, sha huɗu. Ya rubuta ta can sama kusa da rufi, sai da ya taka kujera. Na tambaye shi dalili, ya ce Baba ne ya ce a fara daga sama, don bangon yana da tsawo kuma yana da niyyar cika shi.

Sai kun zo. Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka,
Autar Baba